Inyawarar Gidanmu da Kajin Dije

A gidanmu kome da lokacinsa, har tatsuniya. Sai an yi sallar lisha, an ci tuwo, an wanke akussa, an ɗaure awaki, kana Kaka Tsahara ta yarda a hura wutar kara a ƙofar ɗakinta. Wanda bai gama aikinsa ba, ba ya zama. Ni aikina kai wa jaki harawa, na ƙanwata Rabi kuwa ɗauraye tukunya. Kaka takan taɓa hannun Rabi ta ji ko da sanyin ruwa, ta dubi rigata ko da ƙaiƙayin harawa, sannan ta ce mu matso.

Garinmu ƙarami ne, a gindin tsauni, cikin kwarin da ke gangarawa wajen Tama. Kaka uwar babanmu ce, gajeruwa, mai kaurin murya, wadda hannunta ba ya zama banza. Tana magana tana saƙar faifai da kaba. Sunana Isuhu, amma "maigida" take ce mini, irin wasan kaka da jika, ta ce tun da ta aure ni ko goro ɗaya ban taɓa kawo mata ba. Baba kuwa ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kama sunansa. "Mai gemu" take ce masa, ko a gaban baƙi. In za ta fara tatsuniya, takan ƙwanƙwasa dutsen murhu da tsinken saƙa ta ce, "Ga baƙuwa bakin ƙohwa. A buɗe mata ko a bar ta waje?" Mu ce, "A buɗe." Ta ce, "To, ku gyara mata wuri."

Na ji tatsuniyoyi da yawa a bakin wutar nan, wasu na manta kansu, wasu na manta ƙarshensu. Ɗaya ce zan rubuta, domin ita kaɗai na ga ta tashi daga bakin wuta ta shiga aikin rana.

Amma sai na fara da dabbar, in ba haka ba labarin ba zai zauna daidai ba.

Bayan gidanmu, tsakanin dangarmu da ta maƙwabciyarmu Dije, akwai wani tsohon gawo mai kogo, can sama inda reshe ya taɓa karyewa. A cikin kogon nan inyawara take. Yaran yanzu da yawa ba su san ta ba. Kaka ce ta nuna mana ita, wata rana da magariba, bayan ta sa mun zauna a gindin danga, ta ce wanda ya yi tari ya koma gida.

Ga yadda take fitowa, kuma ban taɓa ganin ta sake tsarin ba. Da farko hanci, siriri, yana shaƙar iska. Sai kunnuwa, manya, kowanne yana juyawa wajensa dabam. Sai fuska, da fari-fari a ƙarƙashin ido kamar an shafa mata alli. Takan daɗe a haka. In ta yarda da wurin, sai jiki ya biyo, dogo, mai gajerun ƙafafu, launin toka da ɗan ruwan ƙasa, an jera masa baƙaƙen ɗigo layi-layi, da baƙin zane ɗaya tun daga wuya har gindin wutsiya. Kana tsammani ta ƙare, sai wutsiya ta fara fitowa, ta yi ta fitowa, zoben fari, zoben baƙi, tsawonta ya kusa na jikin duka. Ba ta kai kyanwa kauri ba, amma ta fi ta tsawo. Ta sauko daga gawon kai a ƙasa, ba ƙara ko kaɗan, ta bi gefen busasshiyar ƙorama inda goruba suka yi layi, ta nufi duwatsu. Bayan ta wuce, wani ƙanshi mai nauyi ya rage a wurin, tsakanin turare da wari.

Rabi ta ce, "Kaka, kyanwar daji ta?"

"Ba kyanwa ba ta. Kyanwa takan ci naka ta kwana ɗakinka. Wagga ba ta son ɗakin kowa. Kogon icce, ko tsagin dutse, ko kan goruba, in dai akwai ruwa kusa da ɓeraye."

Wannan dabba ita ce kan gidanmu. Kakannin Kaka, Anna ne, wato masu addinin gargajiya, kafin gidan ya musulunta, kuma kowane gida a cikinsu yana da dabbar da ba ya kashewa, ba ya ci. Wasu kada, wasu damo, mu inyawara. Sauran abubuwan Anna duk an bar su tun kafin a haife ni. Kaka tana salla, tana azumi har na nafila. Wannan ɗaya ce ta riƙe.

Dije kuwa mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana. Ba ta da akuya, ba ta da lambu. Kaji ne gishirinta, su ne sabulunta, su ne maganin yaro in ya kwanta. Akurkinta na kara ne, ya tsufa, ko'ina kafa.

A ɗarin wata shekara, ina ajin farko na lakkwal, wato makarantar boko, Dije ta shigo gidanmu da safe da gashin kaza a bakin zanenta. Ba ta nufi ɗakin Kaka ba, ta tsaya gaban Baba yana gyaran igiyar guga. Ta zube gashin a ƙasa.

"Baban Isuhu, ina kwana. Ka gani?"

"Lahiya lau, Dije. Mi ya samu?"

"Baƙuwarku ta bisa icce. Shekaranjiya guda, jiya biyu. Kuma ba ci takai ba, kai da ƙirji kawai, ta bar min saura in yi kallo. Ni ba ni da kan gida. Kan ɗiyana nika dubi."

Baba bai daɗe da dawowa daga ci-rani ba, inda ya zauna gaban malamai. Mutum ne mai gaskiya, ba ya son a ce an cuci wani daga gidansa, kuma maganar kan gida ta daɗe tana yi masa nauyi. Ya dubi gashin, ya ce, "Ki yi haƙuri. Gobe kasuwa ta. Jibi da sahe ni da kaina zan sa mata hayaƙi."

Kowa ya san yadda ake yi. A cusa kara a kogon, a zuba busasshen barkono, a kunna, maza su tsaya da sanduna a ƙasa. Abin da ya fito a buge, abin da bai fito ba hayaƙi ya gama da shi. Kaka tana ƙofar ɗakinta, ta ji duka. Ta kuma san abin da mu ba mu sani ba, cewa inyawarar tana da 'ya'ya a kogon, don ta ga cikinta ya sauka, nononta ya fito. Ta ci gaba da saƙar faifanta. Da la'asar Baba ya ɗaure damin kara ya jingine a gindin gawon.

Daren nan Rabi ta ƙi cin tuwo sosai. Da aka hura wuta, Baba ya zauna can gefe da igiyarsa, abin da ba ya yi, don a ganinsa tatsuniya ta yara ce. Ina jin jira yake Kaka ta yi masa magana ya ba ta amsa. Ba ta dube shi ba. Ta ƙwanƙwasa dutse, muka ce a buɗe, ta fara.

Ta ce a zamanin da mahara ke saukowa daga arewa suna kwashe mutane da hatsi, akwai wata mace a gindin tsaunin nan, da jinjiri a bayanta. Mahara suka faɗo wa gari da hantsi, ta gudu ta hau dutse, ta shige wani kogo. Ta kwana, ta wuni, ba ruwa. Nono ya ƙafe, jinjiri ya daina ko kuka. Can sai ta ga wata dabba ta wuce ta gabanta, fara fat, don a lokacin inyawara ba ta da ɗigo ko ɗaya. Matar ta lura ƙafafunta a jiƙe suke. Ta ce, "Baiwar Allah, ina kika samu ruwa?" Inyawara ta ce, "Biyo ni, amma ki sunkuya." Ta kai ta can ƙurya, inda ruwa ke ɗiga daga tsagin dutse. Matar ta sha, nono ya dawo.

Jinjiri da ya ƙoshi sai ya samu ƙarfin kuka. Mahara suka ji. Ba su iya shiga ba, sai suka tara ciyawa da ƙaya a bakin kogon suka kunna.

A nan Kaka ta tura kara cikin wuta, hayaƙi ya taso, Rabi ta yi tari. Baba bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya a kan igiya.

Ta ce inyawara tana da wata 'yar kafa ta baya wadda ita kaɗai ke wucewa. Da ta so, da ta fice ta bar su. Sai ta tsaya tana tono, tana faɗaɗa kafar da farce, matar tana janye duwatsu. Tartsatsi yana zubo mata a baya, kowanne ya sauka ya bar baƙi, shi ne ɗigon nan. Wuta ta kama wutsiyarta, ta kaɗa ta mutu, ta sake kamawa, ta kaɗa ta mutu, shi ne zoben nan. Har kafar ta isa mutum, suka fita ta bayan tsauni.

Matar ta durƙusa ta ce, "Daga yau, ni da abin da na haifa da abin da suka haifa, ba mai kai wuta ko hayaƙi ƙofarki."

Nan ne muka saba jin an rufe tatsuniyar. Rabi har ta buɗe baki za ta yi hamma. Amma Kaka ta ci gaba, da muryar inyawara, wata siririyar murya ta hanci da takan ba mu dariya. Daren nan ba wanda ya yi dariya.

"Inyawara tac ce, 'Ke mata, kak ki yi gaugawar alkawali. Ba ki san ni ba. Ni ɓarauniya ta. Kaji nika ci.' Mata tac ce, 'Ki ci na gidana.' Inyawara tac ce, 'Cikin duhu ni ban san kazarki da ta maƙwabta ba.' Mata ta dubi jinjirinta. Kana tac ce, 'To, abin da kika ci na maƙwabta, daga gidana kika ci shi.' Inyawara tac ce, 'Yanzu kin yi magana.' Ta haye dutse. Jinjirin nan shi na kakan kakana. Baƙuwa ta tashi, ta kama hanya, wanda barci ya ɗauke bai yi mata rakiya ba."

Wuta ta yi ƙasa. Baba ya gyara murya ya ce, "Inna, wagga al'adar Anna ta. Mun bar ta. Dabba dabba ta."

"Mai gemu, ka taɓa ganin na yi mata sujada?"

"A'a."

"Na yanka mata wani abu? Na roƙe ta ruwan sama?"

"A'a, Inna."

"To, alkawali na. Malamanka sun ce maka a tada alkawali?"

"Sun ce kar a cuci marayu."

"Sun yi gaskiya," in ji Kaka. "Ka ba ni gobe. Jibi naka na."

Ta juyo wajena. "Maigida, tashi ka yi min amfani yau ɗai. Kwaso tokar murhun uwarka cikin ƙwarya."

Na kwaso. Ta ɗauki sandarta, na riƙe fitila, muka zaga gidan Dije, wadda ba ta riga ta kwanta ba. Kaka ta sa ni na share kewayen akurkin, ita kuma ta barbaɗa toka da faifai, lallausa, ko'ina daidai. Dije tana tsaye riƙe da ƙugu.

"Inna, magani na?"

"Ba magani ba na. Ina son in ga sawu. In tunku na, ko muzuru, ba ni ɗaukar laihin wani. In tawa ta, in sani."

Zan faɗi gaskiya, na kwana ina roƙon Allah ya sa muzuru ne.

Da gari ya waye muka koma, Baba ma ya biyo mu. Wata budurwar kaza tana kwance a bakin akurki, ba kai. Kaka ta durƙusa da ƙyar, don gwiwoyinta sun daɗe suna ciwo. Ta duba tokar. Ta nuna mana sawun da tsinke: ƙanana, zagayayyu kamar na kyanwa, amma da ɗan yatsa na biyar a gefe. Ta ce na tunku yakan nuna dogon farce, na muzuru yatsu huɗu ne. Ta bi sawun da ido har inda ya shige wata kafa a karan, wadda ni da ƙyar hannuna zai shiga.

"Ita ta," ta ce. Ta dafa sandarta ta miƙe.

Dije ta ce, "Ai na hwaɗi."

"Kin hwaɗi, kuma kin yi gaskiya."

Kaka ba ta da abin kiwo a duniya sai kajinta: wata jar kaza mai 'yan tsaki, da wasu biyu masu ƙwai. Daga su take samun goronta, daga su take ba jikoki ƙwai in sun yi zazzaɓi. Ta koma gida ta kama su da kanta, ta sa jar da 'yan tsakinta a kwando, ta ɗora mini a ka, ta riƙo biyun a hannu. Ta ajiye su gaban Dije.

Dije ta ja da baya. "Haba Inna. Ni in amshi kajin tsohuwa? Mutane su ce mi?"

"Su ce an ci naki an maida miki. Ba kyauta ba ta, kak ki gode min."

"To in ta dawo ta cinye waɗanga?"

"In ta dawo, ki zo ki hwaɗa min. Amma ban gama ba. Akurkinki ba akurki ba na, gayyata ta."

Dije ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta rufe baki da gefen mayafi.

Ranar nan ba mu je kasuwa ba. Kaka ta ce akurkin laka za a gina, irin ginin rumbu, kuma ta bi aikin daki-daki. Aka ɗebo jar laka daga bakin tabki. Aka farfasa ta, aka jiƙa. Aka zuba yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, aka tattake har ta kama. Aka jera duwatsu a ƙasa don kada a tono ta ƙarƙashi. Sannan aka fara ɗora lakar, murɗi bisa murɗi, ana shafewa da tafin hannu. Kafofin iska kuwa da yatsunta biyu take aunawa. Ta ce inyawara duk inda kanta ya shiga, jikinta ya shiga, saboda haka kafar da ta wuce yatsu biyu ƙofa ce.

Ni da Rabi da babban ɗan Dije muna ɗauko laka, Kaka tana gini a durƙushe. Kafin azahar ƙarfinta ya ƙare. Ta tashi za ta miƙe, gwiwa ta ƙi, ta dafa ƙasa. Baba yana zaune a inuwar danga tun safe, bai tafi kasuwa ba, bai kuma sa hannu ba. Sai ya miƙe, ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya zo ya tsaya a kanta.

"Inna, koma inuwa."

"Ka iya? Ko gemun ɗai na?"

"Ke kika koya min ginin rumbu."

"To, yatsu biyu. Nawa, ba naka ba, naka awa taɓarya."

Shi ya ƙarasa ginin. Laka ba ta bushewa a wuni ɗaya, don haka kajin suka kwana a ɗakin Dije har akurkin ya yi ƙarfi, aka samo faffaɗan dutse aka yi masa murfi. Jibin da Baba ya faɗa ya zo ya wuce. Damin kara yana nan jingine a gindin gawo, bai kunna ba, bai kuma ɗauke ba. Ya ce wa Dije, "Mu gani." Dije ta ce, "Mu gani." Duk wanda ya wuce ya ga damin ya san magana ba ta mutu ba.

Aka yi kwanaki lafiya. Har muka ga 'ya'yan inyawarar da magariba, biyu, suna leƙe a bakin kogo, kunnuwa sun fi kai girma. Sai wata safiya Dije ta sake shigowa. Wannan karon zakaranta ne. Ya ƙi shiga akurki, ya kwana a kan danga, aka same shi a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma zubar da gashi ba. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Inna, ba don in kunyata ki na zo ba. Amma kin ce in zo."

Kaka ba ta da sauran ko ɗan tsako. Kowa a gidan ya sani. Ta shiga ɗaki ta fito da faifan da ta saƙa da tasar jan ƙarfe ta aurenta, tana jujjuya tasar a hannu. Ni ina kallon Baba, ina kuma tuna damin kara. In zai kunna, yau ne, kuma ba mai cewa ya yi laifi.

Baba ya ce, "Inna, maida tasarki."

Ya shiga bayan ɗaki inda nasa kajin suke. Muka ji kuka da fuka-fuki. Ya fito da babban farin zakaransa, wanda yake ajiye wa baƙo, ya ɗaure masa ƙafa, ya miƙa wa Dije.

"Wanga ki riƙa sa shi ciki da hannunki tun rana ba ta hwaɗi ba. In ya ƙi, ki kira Isuhu."

Daga nan ya zaga gindin gawo, ya saɓo damin kara, ya kawo ƙofar ɗakin Kaka ya sauke. Ya ce, "Na wutar dare." Kaka ta dubi damin, ta dube shi, ta ce, "An gode, mai gemu." Iyakar abin da suka ce ke nan. Bai taɓa cewa ya yarda da kan gida ba, har ya rasu. Amma daga ranar, in inyawara ta yi ɓarna a unguwa, ƙofarsa ake zuwa, shi kuma ba ya gardama. Kafin damina gidaje da yawa sun gina akurkin laka, ɓarnar ta ragu har aka daina maganarta.

Da na girma, na bar lakkwal a aji na shida, na bi sawun mazan yankinmu na Adar zuwa ci-rani. Na yi shekaru a ƙasar Kodebuwa, ina aiki a gonar kwakwar manja a bakin kurmi. Can na ga 'yar'uwar inyawararmu. Wata magariba ce, muna dawowa daga aiki da wani mutumin wurin mai tatsar bammi, ya taɓa ni ya nuna sama. Tana kwance a kan reshen kwakwa, tana riƙe da ɗan kwakwa da hannu biyu tana ci. Ta fi tamu kauri da duhu, launin ƙasa-ƙasa, gashinta mai laushi kamar auduga, ɗigonta a dishe sai ka matsa kake gani. Kunnuwanta ƙanana ne, zagayayyu, kuma a kan kowace kafaɗa akwai ɗan tabo mai haske. Wutsiyar dai ita ce, doguwa, da zobe. Mutumin ya ce ba ta cika sauka ƙasa ba, a saman itatuwa take rayuwarta, tana cin 'ya'yan itace, da dare kuma tana wani kuka kamar mujiya. Na tsaya ina kallonta, sai na ji ƙanshin hayaƙin kara a hancina, alhali ba wuta a wurin.

Mutumin ya ce tana hawa ta sha masa bammi, ta kifar da goran, gobe zai ɗana mata tarko. Bakina ya buɗe zan ce ya ƙyale ta. Sai na tambayi kaina me zan ajiye a gabansa. Ni baƙo ne, tabarma da adda kawai gare ni, kuma ba zan zauna a ƙasar ba balle in ce in ta sake a zo wurina. Na rufe bakina. Da ya kawo mini naman bayan kwana biyu, na ce na gode, gidanmu ba ma ci. Ya ce to, ya ci abinsa. Ban ji haushinsa ba, kamar yadda Kaka ba ta ji haushin Dije ba.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan tausayin dabba take koyarwa. Sai a gindin kwakwar nan na gane Kaka ba ta taɓa roƙon Dije ta ji tausayin kome ba. Ba ta ce mata 'ya'ya ne a kogon ba, ko da yake ta sani. Ba ta ce ta yi haƙuri don Allah ba. Abin da take so a bari nata ne, saboda haka ita ta ɗauki nauyinsa, ta fara da gano gaskiya, ta mayar da abin da aka ci, ta toshe hanyar ɓarna, kana ta bar ƙofarta a buɗe. Ban san wata makaranta da za ta koya mini wannan a jere haka ba. Allah ya jiƙan Kaka Tsahara, ya jiƙan Baba, ya saka wa Dije, wadda ta zo ta faɗa a fili maimakon ta kunna wutar da kanta cikin dare.

Yanzu ina noman albasa a kwarinmu, gemuna ya yi fari, kuma in awaki sun shiga lambun wani, ni ake kira in raba. Mai awaki yakan zo da dogon bayani, ya ce dabba ce ba ta da hankali, ya ce maƙwabtaka, ya ce a yi haƙuri. Nakan bar shi ya gama. In ya gama, in dubi hannunsa. In ba kome a ciki, nakan ce ya koma gida ya dawo.